Yadda Ake Tsara Babbar Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda har yau mutanen Katsina da yawa ke kira Karkanda, ranar da Katsina United ke karɓar baƙi, abin da idonsa zai gani shi ne wasan minti 90. Amma kafin alƙalin wasa ya busa usur da ƙarfe 4 na yamma, an shafe watanni ana tarurruka, ana rubuta dokoki, ana tantance takardu, kuma ingancin wannan aikin da ɗan kallo ba ya gani shi ke nuna ko gasar za ta kai ƙarshe lafiya ko za ta watse a hanya. Na rubuta wannan bayani ne domin matasanmu masu sha'awar harkar gudanar da wasanni, da waɗanda ke ɗawainiyar shirya gasar unguwanni a Katsina da Daura, saboda tsarin da ke riƙe da Gasar Firimiyar Najeriya shi ne dai wanda ƙaramar gasa ke buƙata, girman ne kawai ya bambanta.

Abu na farko da ake warwarewa shi ne wane ne mai gasar, kuma wa ya ba shi iko. Hukumar FIFA ba ta amincewa da fiye da hukuma ɗaya a kowace ƙasa, kuma a nan ita ce Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, wato NFF, wadda Ibrahim Musa Gusau ya karɓi shugabancinta a 2022. Ita ke da haƙƙin gasar, amma ba ita ke tafiyar da harkokinta na yau da kullum ba. Tana danƙa su ne ga wata hukuma ta daban. An fara gasar ƙasa a Najeriya a 1972, aka mayar da ita ta ƙwararru a 1990, sannan kamfanin gudanar da gasa mai suna LMC ya riƙe ta kimanin shekara 10 kafin a kafa kwamitin riƙon ƙwarya ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye a 2022. A Ingila kuwa, tun da aka kafa Firimiya a 1992, ƙungiyoyin ne da kansu ke da hannun jari a kamfanin gasar, kowace da ƙuri'a ɗaya, kuma ba a sauya wata muhimmiyar doka sai 14 daga cikin 20 sun yarda. Ko wanne aka zaɓa, sharaɗin da ba a sassautawa shi ne a raba masu buga wasa da masu yanke hukunci, domin shugaban ƙungiya ba zai zauna a kwamitin da ke sauraron ƙarar da aka shigar kan ƙungiyarsa ba, ko da kuwa kowa ya shaide shi da gaskiya.

Daga nan sai kundin dokoki, kuma a nan nake so mai karatu ya fi natsuwa, don mafi yawan rigingimun da ke kashe gasa daga nan suke tsirowa. Dole a rubuta komai, a raba wa kowace ƙungiya kwafi, shugabanta ya sa hannu tun ba a taɓa ƙwallo ba. Sanannen abu ne cewa nasara maki 3 ce, canjaras maki 1, wanda aka doke kuma ba shi da komai, tsarin da Ingila ta fara aiki da shi a 1981 kafin sauran duniya ta bi. Abin da ake yawan mantawa shi ne yadda za a raba gardama idan ƙungiyoyi biyu suka ƙare da maki ɗaya. A Ingila ana duba bambancin ƙwallayen da ƙungiya ta ci da waɗanda aka zura mata, a Sifaniya kuma ana fara duba sakamakon karawar da su biyun suka yi da juna. Duka hanyoyin biyu suna da hujja, amma ba a zaɓen ɗaya bayan an ga wanda za ta amfana.

Na ga illar wannan da idona a wata gasar unguwanni da na taimaka wajen shiryawa a Daura shekarun baya. Ƙungiyoyi biyu suka ƙare rukuni da maki iri ɗaya, ɗaya ta fi yawan ƙwallaye, ɗayar kuma ita ta yi nasara ranar da suka haɗu, alhali takardar dokokinmu mai shafi biyu ba ta ce komai a kai ba. Muka zauna bayan sallar isha'i a kan tabarma a ƙofar gidan shugaban kwamiti, dattijon da kowa ke ganin girmansa, ya ce a bi yawan ƙwallaye tunda haka ake yi a Firimiya. Sai mai horar da ɗayar ƙungiyar, yaro matashi mai ladabi, ya russuna ya ce, "Baba, ba musu nake yi da ku ba, amma a nuna mana inda aka rubuta." Babu wanda ya iya ba shi amsa, domin gaskiyarsa ce. Ƙarshenta sai da aka sake buga wasa tsakaninsu, kuma har aka gama gasar magoya bayan wadda aka fitar ba su daina ganin an zalunce su ba. Layi ɗaya da za a rubuta tun farko ya isa ya hana wannan duka.

Haka nan dole kundin ya faɗi abin da za a yi idan ƙungiya ta ƙi zuwa fili, wanda galibi ake ba abokiyar karawarta maki 3 da ƙwallo 3, da hukuncin sa ɗan wasan da bai cancanta ba, da adadin katin gargaɗin da ke jawo dakatarwa, da wa'adin shigar da ƙara da wurin ɗaukaka ta. Sannan ya tanadi abin da ba a fata, wato tsayawar gasar gaba ɗaya. A 2018 an dakatar da gasar Najeriya bayan wasa 24, aka tura Lobi Stars ta wakilci ƙasar a Afirka, ba a saukar da kowa ba, abin da ya sa kakar 2019 ta ƙunshi ƙungiyoyi 24 da aka raba rukuni biyu. A 2020 kuma annobar korona ta tsayar da wasanni, aka koma lissafin matsakaicin makin da kowace ƙungiya ta samu a kowane wasa, Plateau United ta zo ta farko, aka kuma yi doguwar taƙaddama tsakanin Enyimba da Rivers United kan matsayi na biyu. Idan gasa mai ma'aikata da lauyoyi ta shiga irin wannan ruɗani, to ƙaramar gasa ta fi buƙatar yin tanadi.

Bayan doka sai tantance waɗanda za su shiga. Samun gurbi a fili bai wadatar ba, sai ƙungiya ta sami lasisi, kuma ƙa'idojin FIFA da na hukumar ƙwallon Afirka, CAF, sun kasa sharuɗɗan gida biyar: harkar wasa, wadda ta haɗa da koci mai takardar shaida da ƙungiyar matasa, kayan aiki, wato fili mai kyau da shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa da ɗakunan sauya kaya, ma'aikata, kamar sakatare da jami'in kuɗi da likita da jami'in tsaro, matsayin doka, wato rajistar ƙungiyar a matsayin kamfani ko makamancinsa, sai kuma kuɗi. A ganina na ƙarshen nan shi ne wanda ya fi cancanta a tsaurara, musamman sharaɗin cewa kada 'yan wasa ko masu horarwa su kasance suna bin ƙungiya bashin albashi. Ɗan wasan da ya yi wata uku ba a biya shi ba yana da iyali da kuɗin haya kamar kowa, kuma shi ne mai son sayen wasa zai fara nema. Hukumar da ta kawar da kai daga bashin albashi lokacin ba da lasisi ta buɗe ƙofar da ba za ta iya rufewa a tsakiyar kaka ba.

Yanzu ga jadawali, wanda mutane ke ɗauka aikin kwamfuta ne kawai, alhali mutum zai iya haɗa shi da biro da takarda. A gasa mai ƙungiyoyi 20 kowace za ta kara da sauran 19 sau biyu, gida da waje, wato wasa 38 ga kowace ƙungiya, jimilla 380 a kaka, wasa 10 a kowane mako. Ga yadda ake yi. A yi ƙuri'a a bainar jama'a, kowace ƙungiya ta ɗauki lamba daga 1 zuwa 20. A jera 1 zuwa 10 a layin sama daga hagu zuwa dama, a jera 20 zuwa 11 a ƙarƙashinsu, ta yadda 1 za ta fuskanci 20, 2 ta fuskanci 19, har zuwa 10 da 11. Makon farko ke nan. Don fitar da mako na biyu, sai a bar lamba 1 a inda take, sauran duka su gusa da gurbi ɗaya kamar tafiyar hannun agogo: 20 ta hau layin sama ta zauna kusa da 1, 10 ta sauko layin ƙasa. Nan take za a ga 1 ta haɗu da 19, 20 da 18, 2 da 17, har zuwa 9 da 10. Idan aka ci gaba da juyawa haka, cikin mako 19 kowace ƙungiya ta haɗu da kowa sau ɗaya ba tare da maimaici ba, zagaye na biyu kuma sai a sake bin jerin a musanya mai gida da baƙo. In adadin ƙungiyoyin mara ne, kamar 7 ko 9, sai a ƙara lamba ɗaya ta wofi, duk wadda ta faɗo da ita ta huta a wannan makon.

Wannan ƙashin bayan jadawalin ne kawai, gyaran da ke biyo baya shi ne inda sanin ƙasa ke aiki. Ana ƙoƙari kada ƙungiya ta buga wasa uku a jere a waje. Ana barin gurbi ga ranakun da FIFA ta keɓe wa ƙungiyoyin ƙasa, da ranakun da wakilanmu ke buga gasar Afirka, da na Kofin Ƙalubale, wato gasar kofin ƙasa ta sili-ɗaya-ƙwale, domin kwantan wasanni idan suka taru suna ɓata teburi, a rasa sanin wanda ke gaba da gaske. Sannan ga nisa. Daga Katsina zuwa Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce, amma zuwa Fatakwal ko Uyo ko Aba ya haura kilomita 1,000, kuma yawancin ƙungiyoyinmu a mota suke tafiya. Mai tsara jadawalin da ya sa Katsina United ta buga a Uyo ranar Lahadi sannan ta karɓi baƙi a gida ranar Laraba, ya riga ya raunana ta tun ba a shiga fili ba. Akwai kuma zafin Maris da Afrilu a Arewa, da watan azumi, wanda ke zuwa da wuri da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka dole a duba kalandar Musulunci tare da ta Bature tun ranar da aka zauna tsarawa. Tsadar tafiya da ƙurewar lokaci kan sa a gajarta kaka, kamar yadda aka yi a 2023 da aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu masu goma-goma, ukun farko na kowane rukuni suka haɗu a Legas, Enyimba ta ɗauki kofinta na 9. Hanya ce mai amfani idan an matsu, amma cikakkiyar gasa mai wasa 38 ita ke fitar da zakaran da babu tantama a kansa.

Rajistar 'yan wasa ba ta da wuyar fahimta. Ana buɗe kasuwar musaya sau biyu a kaka, kafin a fara da kuma tsakiya, kowane ɗan wasa da kwantiragi a rubuce da shaidar gwajin lafiya da katin lasisi mai hotonsa, wanda ake dubawa kafin kowane wasa. Wanda ya fito daga wata ƙasa sai takardar sallamarsa ta iso ta tsarin FIFA.

Ranar wasa kuwa tana farawa ne tun kafin ranar. Kwamitin alƙalai na NFF ke naɗa alƙalin tsakiya da mataimakansa biyu masu tuta da alƙali na huɗu, a kuma turo kwamishinan wasa, wanda shi ne idon hukuma a filin. Kafin wasa ana zaman share fage, inda wakilan ƙungiyoyin biyu da jami'an tsaro da na lafiya ke haɗuwa. Kowace ƙungiya ta ajiye rigarta da wando da safa a kan tebur, har da na mai tsaron gida, a tabbatar launuka ba su yi kama ba. A faɗi adadin 'yan sandan da za a kawo da ƙofar da motar baƙi za ta bi. A tabbatar da motar asibiti. Kwamishina nagari ba ya wadatuwa da ganin motar a ajiye, sai ya sa an tayar da ita a gabansa, ya leƙa ciki ya ga iskar numfashi da na'urar farfaɗo da zuciya. Mutanen Katsina ba su manta da watan Maris na 2020 ba, lokacin da ɗan wasan Nasarawa United, Chineme Martins, ya yanke jiki ya faɗi a Lafiya ana tsakiyar wasa da Katsina United, kuma ya rasu. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar wannan binciken a matsayin cika ƙa'ida kawai ba.

A nan ne zan faɗi abin da nake ganin shi ne ma'aunin kowace gasa, wato halin da baƙo da alƙali ke samun kansu a ciki. Shekara da shekaru ana kokawa cewa cin wasa a waje a gasar Najeriya abu ne mai wuyar gaske, kuma ba koyaushe ƙwarewar mai gida ke jawo hakan ba. Alƙalin da ya san babu shinge mai ƙarfi tsakaninsa da dubban mutane, ko wanda mai gida ne ya kama masa masauki ya kuma biya shi alawus, ba zai iya busa fenariti a kan mai gida a minti na 89 da kwanciyar hankali ba. Saboda haka hukumar gasa ce ya kamata ta biya alƙalai kai tsaye daga asusunta, a ɗauki kowane wasa a bidiyo, a hukunta alƙalin da ya yi son kai kamar yadda ake hukunta ƙungiyar da magoya bayanta suka yi jifa. Hukunce-hukuncen da ake da su sanannu ne: tara, rage maki, buga wasa ba 'yan kallo, ko mayar da wasannin gida zuwa wani gari. Amfaninsu yana ga saurin zartarwa da kuma rashin duba fuska, don ranar da aka sassauta wa babbar ƙungiya abin da aka hukunta ƙarama a kansa, daga ranar babu wanda zai ƙara jin tsoron dokar. Mu da muka taso ana gaya mana baƙonka annabinka, bai dace a ce ƙungiyar da ta yi kwana biyu a hanya ta zo garinmu tana tunanin yadda za ta fita da gilashin motarta lafiya ba. Wannan nauyi ne a kan shugabannin magoya baya kamar yadda yake a kan hukuma.

Duk wannan yana cin kuɗi, kuma hanyoyin samunsu huɗu ne: haƙƙin nuna wasa a talabijin da intanet, masu ɗaukar nauyi, tikitin shiga fili, da sayar da 'yan wasa. Hikimar da manyan gasanni suka gano ita ce a sayar da haƙƙin nunawa a dunƙule da sunan gasar, sannan a raba. A Ingila rabin kuɗin talabijin na cikin gida ana raba shi daidai wa daida, kashi 25 cikin 100 bisa matsayin da ƙungiya ta ƙare, sauran kashi 25 kuma bisa yawan wasanninta da aka nuna, shi ya sa ta ƙarshen tebur ma ke iya riƙe 'yan wasa masu kyau. A nan gida gasar ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni da StarTimes a 2023, amma har yanzu yawancin ƙungiyoyi, ciki har da Katsina United da Kano Pillars, gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su. Ba na raina wannan tallafi, domin ba don shi ba da ƙungiyoyin Arewa da dama sun daɗe da rushewa. Matsalarsa ita ce kasafin ƙungiya kan dogara ga sha'awar wanda ke kan mulki, shugabanninta kuma su sauya duk lokacin da gwamnati ta sauya. Nasarar da Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta yi na lashe gasar a 2025 ta nuna cewa ƙungiya mai zaman kanta, mai filinta da makarantar renon yara, za ta iya kaiwa ƙololuwa. Attajiran Katsina da ke cika gidajen kallo da hirar Arsenal da Real Madrid ya kamata su dubi wannan da idon basira.

Saura hawa da sauka, wanda shi ke sa wasan ƙungiya ta 17 ya yi zafi kamar na ta farko. A cikakkiyar kaka huɗun ƙarshe suna faɗawa gasa ta biyu, NNL, huɗu kuma su hauro daga can, ƙarƙashin NNL ɗin kuma akwai gasar NLO da ta jihohi, ta yadda a ƙa'ida ƙungiyar da ta fara daga filin makarantar firamare a Daura tana da hanyar da za ta bi har Firimiya. Babu wanda girma ke karewa: Kano Pillars, mai kofi 4 da ta ci a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗi tare da Katsina United a 2022, dukansu kuma suka dawo a 2023 da guminsu. A saman tebur, ta ɗaya da ta biyu suna zuwa Gasar Zakarun Afirka, wadda Enyimba ta lashe a 2003 da 2004, ta uku kuma tare da wadda ta ci Kofin Ƙalubale su tafi gasar CAF ta biyu. Wannan gurbi bibbiyu ba gado ba ne, ƙasashe 12 da ke kan gaba a jerin CAF kaɗai ke samunsa, don haka rashin kataɓus na wakilanmu a Afirka yana iya rage rabon kowa.

A makonnin ƙarshe doka ɗaya ce ba a wasa da ita: duk wasannin da sakamakonsu ya shafi juna a fara su a minti ɗaya. A 2013, a wasannin neman gurbin hawa na ƙananan ƙungiyoyi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema yayin da Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, kowace na ƙoƙarin zarce ɗayar a yawan ƙwallaye, NFF kuma ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke da hannu shiga harkar har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara 10. Fara wasa lokaci guda bai isa shi kaɗai ya hana irin wannan ba, shi ya sa ake haɗa shi da ƙarin masu sa ido. Kwamishinonin filayen suna riƙe da waya a hannu, babu wanda zai ba da izinin busa usur na farawa, ko na dawowa daga hutun rabin lokaci, sai an tabbatar sauran filayen ma sun shirya, kuma rahoton kowannensu ya isa ofishin gasar a daren kafin a fitar da teburin ƙarshe a aika wa CAF sunayen wakilai.